Fassara: Ma'anar Kalmar da Aikinta a Ƙasar Arawa

Fassara ita ce fito da ma'anar abin da ya shige wa mutum duhu, a sa masa ita cikin maganar da zai gane. Abin da ake fassarawa yana iya zama zance da baƙon harshe, ko aya, ko mafarki, ko karin magana, ko taken ganga, ko ma shirun da dattijo ya yi a wurin da ake jiran ya tanka. A yau da an ambaci kalmar, abin da ke fara zuwa ran ɗan boko shi ne juya rubutu daga Faransanci ko Ingilishi zuwa Hausa. Wannan reshe ɗaya ne daga cikin rassanta, kuma shi ne na baya-bayan nan. Ƙasar Arewa ta Jamhuriyar Nijar, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso, wuri ne mai kyau na duba sauran rassan, domin a can al'adar kaka da kakanni, da karatun malamai, da harshen gwamnati duk suna raye a gari ɗaya, kuma kowannensu yana da mutumin da ke tsayawa a tsakiya yana cewa ga abin da ake nufi.

Asalin kalmar daga Larabci ne. A can "fassara" aikatau ne mai nufin ya bayyana, ya yaye lulluɓi, kuma sunan aikinsa shi ne "tafsir". Hausa ta ari duka biyun ta raba musu aiki: tafsiri ya tsaya ga Alƙur'ani, fassara kuwa ta bazu kasuwa da fada da zaure. Da ta zauna sai ta bi ƙa'idar gida, shi ya sa ake cewa ya fassaro mana, maganar ba ta fassaruwa, fassararren littafi, fassarori. Balarabe ba da wannan kalma yake kiran juya magana daga harshe zuwa harshe ba, "tarjama" yake cewa. Ita ma Hausa ta are ta, amma ba ta yi nisa da bakin malamai da bangon littafi ba. A bakin Ba'are, kamar sauran masu Hausar yamma, harafin f yakan koma hw ko h, saboda haka "hwassara" ake ji a kasuwar Dutsi, kamar yadda ake jin "hwari" da "tahiya".

Tun kafin wannan aro Hausa tana da nata kalmomin kama ma'ana, kuma manyansu daga kunne da ido suka fito. Wanda ya iya harshe ana cewa yana jin sa: yana jin Zabarmanci, ba ya jin Fulatanci. Daga gani aka sami ganewa. Akwai warwarewa da kwancewa, waɗanda ke ɗaukar magana a matsayin abu mai ƙulli. Akwai fashin baƙi, wanda ya fito daga zauren karatu inda baƙi ke nufin harafi, ya zama sunan duk wani bayani dalla-dalla. Ita kanta kalmar "hausa" tana ɗaukar wannan nauyi, domin wanda ya ce "ban gane hausarka ba" ya ji kalmomin sarai, manufar ce ta kuɓuce masa.

Kalmomi uku na aro suna maƙwabtaka da fassara, kuma gwama su yana jawo ruɗani. Fahimta abu ce da ke faruwa a cikin kan mutum shi kaɗai. Yana iya fahimtar zance tsaf amma ya kasa fassara shi. Sharhi yana zuwa ne bayan an san ma'ana, mai yin sa yana ƙara dalili da misali da nasa ra'ayin, kuma kowa ya san nasa ne. Tawili shi ne kauce wa ma'anar da ke fili zuwa wadda ake ganin tana ƙarƙashi. A wurin malaman da, kalma ce mai daraja, amma a bakin jama'a yau "ya yi tawili" zargi ne cewa an lanƙwasa magana don ta dace da son zuciya. Abin da ya raba fassara da waɗannan shi ne ba ta yiwuwa sai da ɓangare uku: mai magana, da mai fassara, da wanda ake fassara wa. Na ukun nan, bisa yanayin lamarin, ba shi da hanyar tabbatar da abin da aka gaya masa, don da yana da ita da bai nemi mai fassara ba. Duk wani iko da duk wata fitina da ke tattare da kalmar daga nan suka taso.

Ƙasar Arewa tana shimfiɗe ne a kwarin Dallol Mawri. Tarihin baka ya raba mutanenta gida biyu. Gubawa su ne 'yan ƙasa, waɗanda suka fara sarar daji suka ƙulla alkawari da iskokin wurin, kuma manyan cibiyoyinsu su ne Lugu, mazaunin Sarauniya, da Bagaji, mazaunin Baura. Arawa kuwa suna danganta kansu da Ari, ɗan sarki daga Barno, wanda ya auri 'yar Baura aka haifi Akazama, tushen sarautar Sarkin Arewa. Sarauta ta zama ta ɗaya ɓangaren, ƙasa da tsafinta suka zama na ɗayan. A irin wannan tsari, sanin abin da ƙasa ke so muƙami ne da ake gado.

Misali mafi shahara shi ne Tunguma, dutsen da ke kusa da Lugu, wanda tarihin garin ya ce shi ya jagoranci Sarauniya ta farko daga Daura har ya nuna mata inda za ta zauna. Ana zuwa wurinsa da ƙarar sata, ko zargi, ko wata damuwa da ta gagari mutane. Masu zuwa sun yi imani dutsen yana motsawa don ba da amsa, amma motsi ba magana ba ne, sai mai kula da shi ya faɗi abin da motsin ke nufi. Haka kuma tarkama: idan Sarauniya ta rasu, maza sukan ɗauki gawarta, kuma ana cewa gawar ce ke jan su har ta tsaya a kan matar da za ta gaje ta. A gabas, a Masalata kusa da Birnin Konni, ana yin arwa da buɗin daji kowace shekara don jin yadda damina mai zuwa za ta kasance. Tsofaffin sunayen waɗannan ayyuka su ne duba da arwa da tambaya. Mai bayar da labarinsu a yau ne yake kawo kalmar fassara, kuma ta zauna musu daidai, domin a kowanne akwai alama, akwai mai karanta ta, akwai jama'ar da za ta yi aiki da abin da ya faɗa.

A wasan bori abin ya fi fitowa fili, saboda a nan har da bambancin harshe. Idan mai goge da masu ƙwarya suka kama taken wani iska, ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, abin da ke fita daga bakin ba kullum yake zama Hausar da kowa ke ji ba. Akwai iskokin da ake ɗauka Fulani ne, akwai na Zabarmawa, akwai kuma Babule, waɗanda suka ɓullo a ƙasar Kurfai ta Filinge wajen 1925 da siffar sojojin Faransa, suna tsawa da guntayen kalmomin bariki. Wanda ya zo neman lafiya yakan durƙusa a gaba, wani babba a cikin 'yan bori ya karkata kunne ya saurara, sannan ya juyo ya ce ga laifin da aka yi, ga launin akuyar da ake so. Masaniyar al'adu Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta wallafa littafi a 2001 kan wannan duniya da yadda take ja da baya a gaban Musulunci. Ja da bayan bai kawar da tambayar da ke kai mutane wurin ba. Yaro ɗaya mai suma da zafin jiki yana iya samun fassara uku cikin mako guda: ɗan bori ya ce an taka gidan doguwa, malam ya ce shafar aljani ce ya ba da rubutu, ma'aikacin likita ya ce masassarar cizon sauro ce ta hau kai. Iyaye da yawa ba sa zaɓar ɗaya su bar biyu, sukan bi su ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce wanda aka fara zuwa wurinsa, domin masassarar da ta hau kan yaro ba ta jiran a gama zagaye.

Akwai kuma fassarar fada, wadda ba ta da alaƙa da gaibu. Ganga tana faɗin take, amma baƙo ƙara kawai yake ji sai an gaya masa kirarin wa ake yi. Mawaƙi yana yi wa abokin hamayyar sarki habaici ba tare da kama suna ba, sanƙira ya ɗaga murya ya ƙara haske gwargwadon yadda wanda ake nufi zai ji a jikinsa, ba tare da an ba shi hujjar kai ƙara ba. Gwanintar a nan ita ce sanin inda za a tsaya.

Tafsiri ya iso Arewa a makare idan aka kwatanta da maƙwabta. A ƙarni na 19 ƙasar ba ta bi daular Usmaniyya da daɗin rai ba. Samna Karhe na Tibiri yana cikin waɗanda suka haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa suka yaƙi Gwandu. A Gwandun nan ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi zamani, wanda ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wajen 1816, kuma sunan littafin kansa shaida ne cewa tawili ba abin kunya ba ne a lokacin. 'Yar ɗan'uwansa Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙin wa'azi daga Fulatanci zuwa Hausa don mata da talakawa su ji. A Arewa kuwa sai a ƙarni na 20 Musulunci ya game gari da ƙauye, ta hanyar fatauci da cin rani da almajiranci.

Yadda ake koyar da fassara a makarantar ilimi abin lura ne. Ɗalibi yana zaune a gaban malam da Ahalari ko Iziyya ko Risala a buɗe, ya karanta gaɓa ɗaya ta Larabci ya dakata, malam ya ba da Hausarta, ɗalibi ya ce na'am ya ci gaba. Kalma da kalma ake bi, har da ƙananan haruffa, kuma Hausar da ke fitowa tana bin ƙirar jimlar Larabci, da "lalle ne" da "haƙiƙa" da "shi" da "ita" a wuraren da mai hira ba zai sa su ba. Wasu na yi wa wannan Hausa kallon gurguwa. Ba su yi mata adalci ba, domin manufarta ita ce ɗalibi ya ga ƙashin jimlar asali ta cikin harshensa, har ranar da zai iya karantawa ba tare da malam ba. A tafsirin azumi ana faɗaɗa wannan tsari: alaramma mai jan baƙi ya rera aya, malam ya duba Jalalaini ya ba da ma'ana, sannan ya shiga sharhi. Mai sauraro na kirki yakan san inda fassara ta ƙare sharhi ya fara. Da yawa ba sa sani, kuma ba kowane malami ke nuna musu iyakar ba.

A 1979 aka buga Alƙur'ani da Hausar Shehu Abubakar Gumi, daga baya aka riƙa buga shi a Madina ana rabawa alhazai. An kira aikin tarjamar ma'anoni, don malamai sun tafi a kan cewa lafazin Alƙur'ani ba ya komawa wani harshe, ma'anarsa ce kawai ake kusantowa. Shehu Nasiru Kabara na Kano ma ya yi tasa fassarar ta fuskar Ƙadiriyya. Kafin littattafan, rediyon Kaduna da kaset-kaset sun riga sun ƙetara iyaka da tafsirin ɓangarorin biyu, kuma bayan kafa Izala a Jos a 1978 gardamar ta iso Dogon Dutsi kamar yadda ta isa Maraɗi da Konni. Nassi ɗaya kowa ke karantawa. Saɓanin yana cikin zaɓin kalma: ko a ce waliyyi, ko majiɓinci, ko masoyi, ko bidi'a na nufin duk sabon abu, ko sabon abu a cikin ibada kaɗai. Wanda ya zaɓi kalmar Hausa ya riga ya yanke rabin hukunci kafin a fara muhawara.

Wannan zaɓi ya fi yin nauyi idan aka juyo da shi kan al'adar gida. Kalmar azna, a bakin masu ita, tana nufin mutanen da ke riƙe da hanyar kakanni da amanar ƙasa. Mai wa'azi ya fassara ta da kafiri, jami'in Faransa ya rubuta ta da kalmar da ke nufin mai bautar gumaka. Iska, wadda a da take iya zama mai tsaron gida ko mai cutarwa gwargwadon yadda aka zauna da ita, ta koma aljani, a wani bakin ma shaiɗan. Mutum yana da 'yancin barin abin da kakansa ya yi, kuma mafi yawan Arawa sun bari da zuciya ɗaya. Amma mai son sanin tarihin ƙasarsa yana buƙatar ya san abin da kakan yake nufi da kalmarsa, kafin ya karɓi wadda aka musanya masa da ita.

Fassarar mafarki tana tsaka-tsaki tsakanin duniyoyin biyu. Tsohuwa a gida tana da nata sani na gado, malam kuma yana da ƙissar Annabi Yusuf da littafin da ake jingina wa Ibn Sirin na Basra, wanda ƙananan bugunsa da Hausa ke yawo a kasuwanni, ko da yake masana suna shakkar cewa shi ya rubuta shi. Ladabin da malamai ke koyarwa shi ne kada a gaya wa kowa mafarki sai masani ko masoyi, saboda fassarar farko tana manne wa zuciya.

Da zuwan Turawa aka sami sabon mai tsayawa a tsakiya, wato tafinta. Sunan daga Ingilishi Hausa ta are shi, ya bi kasuwa da rediyo ya bazu ko'ina. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ratsa Arewa tana ƙone garuruwa ta kuma afka wa Lugu a watan Afrilu na 1899, yawancin sojojinta daga ƙasar da ake kira Mali a yau aka ɗebo su. A irin wannan tafiya magana takan bi baki biyu ko uku kafin ta tashi daga Faransanci ta iso Hausa. Alamar haka tana nan a taswira: "dallol" kalmar Fulatanci ce, "Mawri" kuwa sunan da Zabarmawa ke kiran Arawa da shi, ga kwarin masu jin Hausa amma babu Hausa a sunansa na hukuma. Bayan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila, tawagar Tilho ta bi iyaka tana kafa alamomi, kuma a cikinta akwai hafsa mai muƙamin tafinta, Landeroin, wanda ya tattara tarihin sarautun da ke tsakanin tafkin Chadi da kogin Kwara, ya kuma fitar da nahawu da ƙamus na Hausa tare da Tilho. Wani ɓangare na abin da ake karantawa a yau a matsayin tsohon tarihin yankin ta kunnen irin wannan ma'aikaci ya biyo.

Da aka mai da Dogon Dutsi mazaunin kwamandan, Matankari, tsohon mazaunin Sarkin Arewa, ta koma baya, tafinta ya zama ƙofar da babu wata sai ita. Manomi ya zo da ƙara, ya yi gaisuwa, ya kawo asalin gonar tun daga kakansa, ya rufe da karin magana. Tafinta ya dunƙule duka a jimla biyu. Abin da ya zubar ba wanda ya sani sai shi. Lanho, wato haraji, da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, duk ta bakinsa suke sauka, kuma sarakuna sun san amfanin kyautata masa. Amadou Hampâté Bâ ya gina littafinsa na 1973 kan rayuwar wani tafinta, Wangrin, da ya juya Turawa da sarakuna a tafin hannunsa. Ba duka ne macuta ba. Akwai waɗanda suka sassauta zafin umarni ko suka ɓoye kalmar da za ta jawo wa talaka bulala. Amma mai cuta da mai tausayi duk ikon nan ɗaya suka riƙe. Ta wannan ƙofa ce kuma sarautu suka canza ma'ana: Sarkin Arewa da Samna suka zama shugabannin kanto a takarda, wato ma'aikatan da ake naɗawa ana tuɓewa.

Labarin Sarauniya Mangu, wadda ke kan kujerar Lugu lokacin harin 1899, ya nuna yadda ake fassara tarihi kansa. Rahotannin Faransawa sun ambaci yaƙin Lugu a taƙaice. Abdoulaye Mamani ya fitar da ƙagaggen labarinsa da Faransanci a 1980, ya siffanta ta a matsayin jaruma mai jagorantar mayaƙa. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Sarauniyar da ke cikinsa ba Hausa take yi ba. A Lugu kuwa ƙarfin Sarauniya na asiri ne da kamun kai: mace ce mai zaman ɗaki, mai kaɗin auduga, mai roƙa wa ƙasa ruwa da lafiya. Kalmar Faransanci da aka fassara muƙaminta da ita tana kawo hoton mai fada da dakaru da haraji, abin da bai dace da wannan kujera ba. Hoton littafin ne ya yi rinjaye a makarantu da sunayen ma'aikatu, har gwamnati ta sa wa lambar girma sunanta a 2023. Tsayin dakan Lugu gaskiya ne, kuma ya cancanci girmamawa. Sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma bayanin mutanen Lugu ya kamata a ajiye shi kusa da na marubuta.

Ma'anar fassara ta makaranta, wato juya rubutu, ta kafu ne da hukumomi. A Nijeriya ta Arewa an kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, kuma an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A Nijar Faransanci ya riƙe lakwal shi kaɗai har zuwa 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Rediyo ne ya ɗauki babban nauyin: Muryar Sahel daga Yamai, sashen Hausa na BBC tun 1957, na Jamus da na Amurka, sai na Faransa a 2007. Masu fassarar labarai su suka ƙera ko suka yaɗa kalmomi irin su tsarin mulki da majalisar dokoki da ɗumamar yanayi. Aikin yana da tarkon da baƙo ba ya gani. A Nijar da dala ake ƙidayar kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce ta sefa, saboda haka abin da takarda ta rubuta 100 dala ashirin ne a baki, 1000 kuma jikka guda. Mai fassarar da ya karanta lambar yadda take ya ninka wa manomi farashin taki sau biyar.

Inda kuskuren fassara ya fi tsada a yau shi ne shari'ar gona. A kwarin da ƙasar noma ke ƙara matsewa, rigima takan tsaya a kan kalma ɗaya da kakanni suka yi amfani da ita: aro aka ba da, ko jingina, ko kyauta, ko sayarwa. Kowace tana da nata hukunci game da gado da dawowa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye don a riƙa rubuta irin waɗannan yarjejeniyoyi, abin da ya rage gardama a wurare da yawa. Amma shaidu da Hausa suke magana, wani lokaci da Zabarmanci ko Fulatanci, takardar kuwa da Faransanci ake cika ta, kuma wanda ya dangwala yatsa ba ya iya karanta abin da ya amince da shi. Mafi ƙarancin kariya shi ne a rubuta kalmar Hausar da aka furta a jikin takardar, a kuma karanta wa ɓangarorin biyu fassarar a gaban shaidu kafin a sa hannu.

A bakin matasa kalmar ta sami wata ma'ana. Idan saurayi a tashar Kore Mairuwa ya ce a tura masa fassara a waya, fim ɗin Indiya yake nufi wanda aka ɗora wa muryar Hausa, irin na kamfanin Algaita na Kano. Masu wannan sana'a sukan ƙara barkwanci da kirari da sunayen gida waɗanda babu su a asali, masu kallo kuma sun san haka, abin da suke so ke nan. A nan fassara ta matsa kusa da aikin sanƙira, ta yi nesa da na malamin zaure.

A watan Maris na 2025 sabon kundin da ya maye gurbin tsarin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Matakin ya sami masu murna da masu ƙorafi, musamman a cikin masu sauran harsunan ƙasar. Ko ta wace fuska aka dube shi, ya ƙara yawan abin da ke jiran fassara: dokoki da takardun kotu da littattafan makaranta zuwa Hausa, sannan daga Hausa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, don kada Hausa ta zama wa wasu abin da Faransanci ya zama wa kowa. Na'ura ta shigo cikin aikin tun da Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, kuma tana taimakawa wajen saƙo da labari. Amma abin da ta koya daga rubutacciyar Hausa ne, wadda mafi yawanta daidaitacciyar Hausar Kano ce ta jaridu da rediyo. Arewanci, da lafazinsa da kalmominsa na noma da sarauta da tsafi, kaɗan ne daga cikinsa ya taɓa hawa takarda, kuma waɗanda suka san abin da tarkama ko arwa ke nufi a wurin masu yin su yawancinsu tsofaffi ne da ba a naɗi bayaninsu ba.